Gero a Daro, Lilo a Zanin Gado: Wasan Cikin Ɗaki Ga Yaro Mai Buƙata Ta Musamman

Akwai watannin da fita waje ke zama aiki ko ga mai cikakkiyar lafiya. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo da ƙurar hunturu sun rufe gari, yaro mai asma ba shi da wurin zuwa. Daga Maris zuwa Mayu, a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, zafi kan haura digiri 40, tsakar gida ba ta takuwa ba takalmi. Damina ta shigo da caɓi da sauro. Sauran yara sukan san yadda suka yi suka sulale. Amma yaro mai galahanga, wato otizim, ko mai lalurar Down, ko makaho, ko wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu wajen haihuwa ko sanadin shawara ko sanƙarau har jikinsa ya sandare ko ya yi laushi, shi ake bari a ɗaki gaban talabijin. Can da la'asar ya fara buga kai da bango ko cizon bayan hannunsa, a ce ya tashi da rigimar tasa. Sau da yawa ba rigima ba ce. Jikinsa ne ke neman abin da bai samu ba tun safe.

Da uwa nake magana, don ita ke wuni da shi, amma duk abin da zan faɗa aikin uba ne da kaka da yayye.

Kowa ya san gani da ji da sansana da ɗanɗano da taɓawa. Akwai wasu hanyoyi biyu da jiki ke kai wa ƙwaƙwalwa labari waɗanda ba a cika lissafawa ba, kuma a kansu yawancin wasannin nan suka tsaya. Ɗaya tana can cikin kunne, inda wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, ke sanar da ƙwaƙwalwa ko kai ya sunkuya ko yana juyawa. Su ne ke kawo jiri bayan hajijiya. Ɗayar tana cikin tsoka da gaɓoɓi. Ita ke sa ki kai loma baki cikin duhu ba ki kuskure ba, ki kuma san ƙarfin da za ki riƙe ƙwai da shi kada ya fashe.

Wata ƙwararriya 'yar Amurka, Jean Ayres, wadda ta koyar a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ita ta tsara wannan tunani a shekarun 1960, ta fitar da littafi a kai a 1972. Abin da ta lura da shi shi ne, wani yaron idonsa ƙalau, kunnensa ƙalau, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta tace abin da ke shigowa daidai. Wani komai ya yi masa yawa: ƙarar janareton maƙwabta ko injin markaɗe ta sa ya toshe kunne yana ihu, ɗinkin cikin rigar Sallah ya hana shi sakat, ranar aski ko kitso sai an danne. Wani kuma komai bai ishe shi ba: ya yi ta tsalle daga kan gado, yana bangazar mutane, yana taunar wuyan riga, ya faɗi ya kurje gwiwa ko uffan bai ce ba. Kuma yaro ɗaya kan haɗa duka biyun, ya guji ƙara amma ya wuni yana juyi.

Gara a san wani abu tun yanzu. Wasannin nan ba sa warkar da galahanga, ba sa gyara ƙwaƙwalwar da ta taɓu. A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fito fili ta ce binciken da aka yi kan wannan hanya bai kai a kafa ƙwaƙƙwarar hujja da shi ba, ta ba da shawarar a gwada na wani lokaci, a duba ko an ga canji. Ina ganin shawarar ta yi daidai. Abin da za ki sa wa ido ƙarami ne, kuma ana ganinsa: ya yarda a yi masa wanka ba kokawa, ya zauna minti biyar ya ci tuwo, barci ya ɗauke shi kafin dare ya raba. Motsa jikin kansa kuwa babu gardama a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar kimanin minti 60 na motsa jiki a rana, kuma ta ambaci masu nakasa ƙarara a ciki.

Kada hotunan intanet su karya miki gwiwa, ɗakuna masu fitilu kala-kala da bututun ruwa mai kumfa da katifar ruwa. A Holan aka fara irin waɗannan ɗakuna a ƙarshen shekarun 1970, kuma mutum biyun da suka fara, Jan Hulsegge da Ad Verheul, a cikin tanti suka fara, da fanka mai hura yagaggun takardu da kwalaben ƙamshi da 'yan kayan kiɗa. Madafin kowace Bahaushiya ya fi wannan tanti kaya.

Mako guda na kallo

Kafin ki auno ko gwangwani ɗaya na gero, ki sami littafi ɗan shafi ashirin. Na tsawon mako guda, duk lokacin da hankalinsa ya tashi, ki rubuta abu uku: me ya faru kafin nan, me ya yi, me ya kwantar da shi. Ki kuma rubuta abin da yake yi da kansa idan an ƙyale shi. Yana shiga tsakanin katifa da bango? Matsi yake nema. Yana tsayawa gaban fanka yana kallon juyinta? Yana tafiya da kan yatsu, ba ya son tafin ƙafarsa ya taɓa siminti? Yana sansana kowane baƙo? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan littafin zai fi miki duk wata jagora amfani, har da wannan.

Ki fara kawar da zancen ciwo. Yaron da ba ya magana, idan kunnensa na ruwa, ko haƙori ya rube, ko ya kwana uku bai yi bayan gida ba, buga kai zai yi. Wannan ba daron gero yake buƙata ba, asibiti yake buƙata.

A fara da aiki mai nauyi

Idan ba ki san ta inda za ki fara ba, ki fara da turawa da ja da ɗauka. Aikin da ke sa tsoka ta yi nauyi shi ne mafi aminci a duk cikinsu, domin yakan natsar da mai ƙiriniya ya kuma farkar da mai sanyin jiki, kuma da wuya ya yi yawa. Abin daɗin shi ne yawancinsa aikin gida ne.

Ki cika bokiti da kayan wanki, ya tura shi daga ƙofar ɗaki zuwa bango ya dawo. Ki ba shi jiƙaƙƙen tawul ya matse cikin daro. Ya durƙusa ya goge daɓe da tsumma da hannu biyu. Ki sa dusa ko busasshen ganye a ƙaramin turmi, ki ba shi taɓaryar da ta yi daidai da tsawonsa, ki tsaya a bayansa hannunki a kan nasa, ku yi daka tare kina ƙirgawa. Bugun taɓarya yana ratsa kafaɗa da gwiwar hannu, kuma yana da ƙa'idar da jiki ke bi ba sai an yi bayani ba. A kula da yatsun ƙafa kawai.

Kayan ɗauka kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa. Ɗan shekara biyar mai kilo 18, babbar gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi ta ishe shi. Ki jera gora huɗu a wannan kusurwa, ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa waccan. Aikin da ake ganin farkonsa da ƙarshensa ya fi shiga masa rai a kan a ce masa "je ka yi wasa".

Sai tafiyar dabbobi: tsallen kwaɗo, rangajin agwagwa a tsugune, jan cikin ƙadangare a ƙarƙashin tebur. Sai baro, ki riƙe cinyoyinsa ya yi tafiya da hannu. A cinya za ki fara riƙewa, ba a idon sawu ba, sai bayansa ya yi ƙarfi. Sai ja-in-ja da tsohon zani, ki bari ya rinjaye ki wani lokaci. Idan ɗakin na da fili, ki haɗa su jere: ya tsallake matasan kujera, ya bi ta ƙarƙashin tebur, ya taka layin alli da kika ja a siminti, ya faɗa kan katifa a ƙarshe. Kada ki canza tsarin kullum. Yawancin yaran nan maimaici ne ke ba su natsuwa, sai ya ƙware sannan ki sauya abu ɗaya. Gidajen 'yar gala-gala ma ana zana su a tsakar ɗaki, langa kuma a fara ta da dafa bango.

Lilo, da inda hatsarinsa yake

A nan ake buƙatar taka-tsantsan, domin abin da ke cikin kunne ba ya son wasa.

Ki shimfiɗa katifa a ƙasa, ki ɗora zanin gado mai ƙwari a kai, yaro ya kwanta a tsakiya. Babba ɗaya ya kama kusurwa biyu ta wajen kai, ɗaya ta wajen ƙafa, ku ɗaga shi kamar taƙi guda daga katifa, kada ya wuce haka. Ku kaɗa shi hagu da dama a hankali, kuna ƙirgawa da murya har goma. Sai ku sauke shi, ku yi shiru.

Wannan shirun shi ne rabin wasan. Kada ki ce komai, ki dube shi kawai, ki ƙirga goma a zuci. Zai yi wani abu: ya ja zanin, ko ya ɗaga ƙafa, ko ya dubi fuskarki, ko ya yi wani ɗan sauti. Duk wanda ya yi, ki karɓa a matsayin magana. Ki ce, "Ƙara? To, a ƙara!" ku ɗaga. Bayan kwanaki zai gane cewa abin da ya yi ne ke dawo da lilon, kuma yaron da ya gane haka ya kama hanyar roƙo da baki ko da alama maimakon da ihu. Haka za ki koya masa alamar "ya isa", ko da ɗaga tafin hannu ne, kuma duk ranar da ya yi ta, ki tsaya nan take ko wasan na tsakiyar daɗinsa. Idan ya ga ana jin maganarsa, zai yarda a gwada masa sabon abu.

Kaɗawa a hankali a layi ɗaya tana kwantarwa. Juyi da sauri yana tayarwa, kuma tasirinsa kan daɗe bayan an daina, shi ya sa ba a yinsa da dare. Mai son hajijiya, ki bar shi ya yi goma ta dama, ya tsaya, goma ta hagu, sannan ki bi da aiki mai nauyi. Idan kin ga fuskarsa ta canza, gumi ya keto, yana hamma ko yunƙurin amai, ko dariyarsa ta zama wadda ba ta tsayawa, to an wuce gona da iri.

Wani yaron kuwa da zarar ƙafarsa ta bar ƙasa sai ya ƙanƙame ki yana kyarma. Wannan ba ragwanta ba ce, kuma jefa shi sama "don ya saba" ƙara masa tsoro yake. Ki zaunar da shi a cinyarki ƙafafunsa na taɓa ƙasa, ki rungume shi ta baya ku yi ta rangaji gaba da baya. Idan bai yi nauyi ba, goyo ma ya wadatar, domin goyo ya haɗa matsi da ɗumi da rangaji a lokaci ɗaya.

Mai lalurar Down kada a bar shi ya yi alkafura ko tsayuwa da ka, saboda wasunsu suna da sassauci a mahaɗar ƙasusuwan wuya na sama, wanda ba a ganewa da ido. Mai farfaɗiya, da wanda aka sa wa bututu saboda taruwar ruwa a kai, a tambayi likitansu kafin lilo ko juyi. Kuma kada a ɗaura igiyar lilo a azara ko maratayar fanka a bar ta tana reto a ɗaki.

Daron gero

Ki sami daro mai faɗi, ki shimfiɗa tsohon zani a ƙarƙashinsa, ki zuba gero mudu ɗaya ko biyu. Ki sa ludayi, da ƙaramar ƙwarya, da mazurari, da kofi. Ki binne abu uku da ya sani, misali cokali, motar wasa, da murfin kwano.

Mai neman taɓi ba ya buƙatar gayyata, zai nutsa hannu har gwiwa. Aikinki da shi shi ne ki ba wasan manufa: "Nemo min cokali." "Cika kofin nan." "Zuba wa Yaya." Daga nan ake samun kalmomin cike da wofi, ciki da waje, da ƙarfin yatsun da gobe za su riƙe fensir su ɓalle maɓalli.

Mai gudun taɓi shi ne ke son haƙuri. Ranar farko kada ki kira shi ma. Ki zauna ki yi ta zuba gero daga ƙwarya zuwa daro, sautin zubar kaɗai zai sa ya waiwayo. Yana iya tsayawa daga bakin ƙofa yana kallo ta gefen ido, ya tafi, ya dawo. Wannan ya isa na ranar. Kashegari ki ajiye ludayi mai dogon hannu a gefensa, ba ki miƙa masa ba. In ya ɗauka ya tsoma, hannunsa bai taɓa komai ba, an ci gaba. Bayan ya saba, ki musanya ludayin da cokali, hannun ya matso. Sai wata rana ƙwayar gero biyu su maƙale a bayan hannunsa. Zai tsaya cak, ya dube su, wataƙila ya yarfe hannu da ƙarfi. Ki miƙa masa tawul ya goge da kansa, kada ki yi dariya, kada ki yi tafi. Tawul ɗin ya zauna kusa da shi kullum, domin sanin cewa yana iya gogewa duk lokacin da ya so shi ne ke ba shi ƙarfin halin sake tsomawa. Abin da ba a yi, ko sau ɗaya, shi ne a kama hannunsa a cusa cikin daron. Minti ɗaya na wannan yana rushe aikin wata guda.

Ana tafiya ne daga busasshe zuwa jiƙaƙƙe, daga wanda ba ya manne wa hannu zuwa mai manne wa. Bayan gero sai dusa ko wankakken yashi, sai kullun fulawa, sai gasara, sai mai yauƙi a ƙarshe.

Kullun fulawa: kofi biyu na fulawa, rabin kofi na gishiri, cokali biyu na man gyaɗa, sai ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan har ya haɗu ya daina kama hannu. In kina son launi, ki kwaɓa da ruwan zoɓo ko kurkum ko garin zogale. Ya mulmula, ya murza, ya danna da tafin hannu, ya yanka da murfin kwalba. A leda a ɗaure yakan yi kwanaki. Gishirinsa na da yawa, don haka ba na mai kai komai baki ba ne. Irin wannan yaron a ba shi sanyayyen tuwon shinkafa ko dafaffen dankali ya dama, in ya ci ma ba laifi.

Gasarar masara mai kauri, wadda ta kwanta aka tsiyaye ruwanta, tana da wata ɗabi'a da ke ɗaure wa yara kai. In an dunƙule ta da ƙarfi sai ta yi tauri a hannu, in an buɗe tafi sai ta narke ta tsiyaye ta tsakanin yatsu. Yaro kan yi minti ashirin yana wannan gwaji shi kaɗai. Mai yauƙi kuwa, garin karkashi ko busasshiyar kuɓewa a ruwan ɗumi ya wadatar, kuma ya fi irin na kanti aminci. Waɗannan biyun a zubar da su a ranar.

Za a yi miki magana, wannan tabbas ne. Surukarki za ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, abincin ne ya zama abin wasa?" Tana da gaskiyarta, hatsi na da alfarma, ga tsada. Ki ce, "Inna, mudu ɗaya ne, shi za mu yi ta juyawa, in ya tsufa kaji su ci." In abin zai zama tashin hankali, ki koma dusa ko yashi ko busassun ganyen mangwaro, duk aikin ɗaya ne. Ko kuma ki zaunar da shi kusa da ke ranar tsintar shinkafa ko tankaɗe, ki ba shi nasa faifan, babu mai cewa komai.

Wake da masara da ƙwallon dabino suna shiga hanci da kunne, suna kuma shaƙe yaro, don haka ba na ɗan ƙasa da shekara uku ba ne, ko babban da har yanzu yake kai abu baki. Ƙananan ƙwallayen nan masu launi da ke kumbura in an jiƙa su, waɗanda ake sawa a kwalbar fure, kada su shigo gidan sam, domin in an haɗiye su suna ci gaba da kumbura su toshe hanji. Haka batirin agogo da ƙananan maganaɗisu. Wasan ruwa kuwa, da soso da kofi da kumfar sabulu, yana cikin waɗanda suka fi so, amma ruwan da bai kai tsawon yatsa ba yana iya halaka yaron da ya kifa ciki bai iya ɗago kai ba. In za ki tashi, ko sallama za ki amsa, ki tashi da shi ko da daron.

Baki da hanci da kunne da ido

Mai taunar riga a ba shi abin tauna na halal: rake, karas, gurji, goruba, ko asuwaki. Tsotsar kunu mai kauri ko fura ta bututun shan lemo, da busa usur, da hura kumfar sabulu, duk suna aikin tsokar baki kuma suna daidaita numfashi. Amma yaron da ke ƙwarewa ko tari in yana cin abinci, kada a gwada masa ko ɗaya sai ma'aikatan lafiya sun duba haɗiyarsa.

Na hanci, ki ƙulle citta da kanumfari da ɓawon lemo da na'ana'a kowanne a ƙyallensa, ya sansana ya zaɓa. Turaren wuta a bar shi, hayaƙi ne. Na kunne, gorar roba uku, ɗaya da gero, ɗaya da tsakuwa, ɗaya da yashi, a liƙe murfin da kyau. Mai gudun ƙara shi za a ba gwangwani da sanda ya buga da kansa, domin ƙarar da yaro ke yi da hannunsa ba ta firgita shi kamar wadda ta zo masa ba zato. Kurma kuma a ɗora tafinsa a fatar ganga ko a maƙogwaronki kina magana, ya ji rawar sautin. In an ɗauke wuta da dare, tocila ta zama abin wasa: ki haska bango ya bi hasken da ido ko ya kama shi da hannu. Ban da fitila mai walƙiya ga mai farfaɗiya.

Wanda ba ya zama da kansa, da wanda ba ya gani

Yaron da jikinsa ya sandare ko ya yi laushi, matsalarsa ta farko ita ce kwanciyar rigingine wuni guda, ba abin da yake gani sai rufin ɗaki. Kafin wasa sai an gyara masa zama. Ki naɗe tawul ki sa a ƙarƙashin ƙirjinsa yana rub da ciki, hannayensa a gaba, ki ajiye faifai mai gero inda zai kai. Ko ki zaunar da shi cikin babban daro ko kusurwar kwali mai ƙwari, ki tokare shi da matasai ta yadda ƙugunsa ya lanƙwasa, kafaɗunsa suka zo gaba, hannayensa biyu suka haɗu a tsakiya yana ganinsu. Ko ya kwanta a gefe ɗaya, matashi a bayansa. Kowane minti ashirin zuwa talatin a sauya. Ki riƙa ajiye abin wasan ta ɓangaren hannun da ba ya so ya yi amfani da shi, kuma ki jira. Saƙo daga ƙwaƙwalwarsa zuwa hannu yana ɗaukar lokaci, mu kuma mun saba miƙa masa abu kafin ya gama yunƙuri. Dunƙulallen hannu ba a ɓanɓare shi da ƙarfi, ana shafa bayan hannun ne a hankali daga yatsu zuwa wuyan hannu.

Ga jariri ko ƙaramin yaro makaho, wata malama 'yar Denmak, Lilli Nielsen, ta ƙirƙiro wata dabara da kowa zai iya kwaikwaya. Ki kifa babban kwali a gefensa, ki huda samansa, ki rataya abubuwa da gajeren zaren roba: cokula biyu masu karo da juna, soso, ƙaramar ƙwarya, leda mai ƙara. Ki kwantar da shi kansa da kafaɗunsa a ciki. Duk motsin da ya yi zai taɓa wani abu, kuma abin zai dawo inda yake. Kada ki sauya musu wuri, domin da haka yake gane cewa abu na nan ko bai taɓa shi ba. Ki zauna kusa kina kallo, ki yi shiru.

Saukowa

Kowane zama a rufe shi da abin da ke kwantarwa. Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Kolorado, wadda ita kanta mai otizim ce, ta ƙera wa kanta na'urar matsi tun tana budurwa, bayan ta ga yadda shanu ke natsuwa in an matse su a maƙalin da ake yi musu allura. Ke ba kya buƙatar na'ura. Ki kwantar da shi rub da ciki, ki ɗora matashi a bayansa, ki danna da tafin hannu a hankali daga kafaɗa zuwa ƙafa, ban da kai da wuya. Ko tausa da man kaɗanya, da cikakken tafi da ɗan nauyi, domin shafa sama-sama da cakulkuli su ne suka fi tayar wa mai gudun taɓi hankali. Wasu suna son a naɗe su cikin bargo. In za a yi, kai da wuya a waje, ya iya fita da kansa, kina tsaye, kuma na 'yan mintoci. A 2008 a Kanada wani yaro mai otizim ɗan shekara tara ya rasu a makaranta bayan an naɗe shi cikin bargo mai nauyi an bar shi. Naɗin bargon ba horo ba ne, kuma ba a yinsa lokacin da yake tsakiyar ihu yana turjewa.

Ki keɓe masa kusurwa guda, ko ƙarƙashin tebur da aka lulluɓe da zani, da matashi a ciki, inda in duniya ta yi masa yawa zai shige ba mai binsa. Ranar suna ko biki za ki ga amfaninta.

Minti goma zuwa sha biyar sau biyu ko uku a rana ya fi awa guda a ranar Asabar. Ki duba littafinki, ki sa wasan gab da lokutan da suka fi wuya: aiki mai nauyi kafin cin abinci ko tafiya Islamiyya, tausa kafin aski ko kitso, lilo mai sanyi kafin barci. Uba in ya dawo bayan Magariba, baro da ja-in-ja da hawan doki a bayansa nasa ne, ƙarfinsa ya fi dacewa da su. Yayye su riƙe zanin lilo in sun kai, amma kada wasan ya zama musu wani aikin dole. In kuma yaron ɗan fari ne, to alkunya sai ta yi haƙuri, domin wannan ɗan yana buƙatar ganin fuskar uwarsa kusa da tasa, yana jin sunansa ko laƙabinsa daga bakinta.

Abu ɗaya nake tsoro game da jagora irin wannan, kada ta zama hujjar ci gaba da ɓoye yaro. Akwai gidajen da maƙwabta ba su ma san da shi ba, saboda gudun a ce ɗan ruwa ne ko aikin aljanu. Wasan ɗaki na lokacin ƙura ne da zafi da ruwan sama. In gari ya yi daɗi, a fitar da daron tsakar gida, a kira 'ya'yan maƙwabta biyu su zauna tare. Kuma wasan bai maye gurbin makaranta ba. A Nijeriya, dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare.

Bai maye gurbin asibiti ba kuma. Manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala suna da sashen gashi, haka asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Layi na da tsawo, lokacin da za ki samu da ma'aikaci gajere ne, don haka ki je da shiri. Ki tafi da littafin nan, da bidiyo biyu ko uku a waya na yadda yake zama da yadda yake wasa a gida, domin a ɗakin likita ba zai yi abin da ya saba ba. Ki roƙi a nuna miki abu uku kacal da za ki riƙa yi har zuwa ranar dawowa, ki yi su a gabansu da hannunki su gyara miki riƙo, ki kuma tambaya a cikin wasannin da kuke yi wanne ne bai dace da jikin ɗanki ba.